Wayar Hannu da Mai Raunin Zuciya

  Yau maganarmu a kan ciwon zuciya ce, da kuma wayar nan ta hannu da kusan kowane gida yake da ita. Muna gaida mutanen Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Danja da Ƙafur musamman, gama zancen na yau ya shafe su fiye da sauran jama'a, kuma za ku ji dalili in an jima kaɗan.

In Bahaushe ya ce ciwon zuciya, sau da yawa baƙin ciki yake nufi. Ba shi muke magana ba. Muna nufin tsokar nan da ke bugawa cikin ƙirji, wadda likitoci ke ce ta gaza, ko ta yi rauni. Ku manoma kun san injin ban ruwa na fadama. To, zuciya haka take, tana janyo jini tana tura shi, wajen lita 5 kowane minti ko mutum na zaune, dare da rana ba hutawa. In inji ya tsufa ba tsayawa yake yi gaba ɗaya ba, sai dai ya riƙa tura ruwa kaɗan, saura ya kwanta a baya. Zuciya ma in ta yi rauni, jini ya kan taru a bayanta, ruwan da ke cikinsa ya tsattsafo. In ya tsattsafo cikin huhu, sai haki da tari, mutum ya kasa kwanciya rigingine, ya farka tsakar dare yana neman iska. In kuwa ƙasa ya gangara, sai ƙafafu su kumbura, daga nan ciki ya ɗauka. Ƙoda kuma, da ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta zaci ƙishirwa ce, ta riƙe gishiri da ruwa maimakon ta fitar da su. Kun ga abu ya ƙaru ke nan.

Abin da ya fi kawo wannan a ƙasashenmu shi ne hawan jini da aka bari ba magani. An yi wani bincike a asibitocin ƙasashe 9 na Afirka, har da Nijeriya, aka buga shi a 2012. Cikin mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya, kusan rabi hawan jini ne ya kai su, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne, watau mutane ne masu aiki da ciyar da iyali, ba tsofaffin da suka ajiye fartanya ba. Akwai kuma waɗanda ƙofofin zuciyarsu suka lalace tun suna yara, bayan ciwon maƙogwaro da na gaɓoɓi.

Amma akwai wani iri wanda sunan ƙasarmu ya shiga littattafan likitoci na duniya saboda shi, shi ne wanda ke kama mace gab da haihuwa ko cikin watannin da ke biye. A 1974 Dokta Davidson da Farfesa Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tare da wata abokiyar aikinsu, suka ba da labarin mata 224 da suka duba. Suka nuna ciwon ya fi yawa a ƙasar Zariya da ta Malumfashi, inda ake tsananta wankan jego, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Suka ce mai yiwuwa zafin nan da gishirin kanwa su ne ke ɗora wa zuciya kayan da ba ta iya ɗauka. Bayan shekaru da yawa Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitocin ƙasar nan, tsakanin 2017 da 2018, aka tattara mata 406. Yawancinsu daga arewa maso yamma suke, a Kano ma har an sami kamar mace 1 cikin haihuwa 96. Wannan bincike bai ɗora laifin a kan wanka da kunu ba. Ya fi nuna rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatu da rashin sana'a. To, kada kowa ya ce rediyo ta zagi al'adar iyayenmu. Abin da babu gardama a kansa shi ne, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki, in aka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara mata kanwa aka ƙara wuta, an ƙara mata ciwo ne. Asibiti za a kai ta.

Yanzu ga inda waya ta shigo. Wannan ciwo ba irin zazzaɓi ba ne, da za a sha magani kwana uku a manta. Waɗansu, musamman masu jego, zuciyarsu ta kan farfaɗo, amma mutane da yawa zama za su yi da shi suna shan magani. Kuma ruwan nan ba rana ɗaya yake cika jiki ba. A hankali yake taruwa, kwana da kwanaki, kafin mutum ya kai ga kasa numfashi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce a sikeli. Saboda haka likitoci suka ce, wanda nauyinsa ya ƙaru fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ba ƙiba ya yi ba, ruwa ne. In ma'aikacin lafiya ya ji labari a wannan lokaci, sau da yawa gyara magani kaɗan ya isa. In bai ji ba sai bayan mako biyu, to sai gado da allura, da kuɗin mota, da sayar da buhun masara ko waken suya da aka ajiye don wata lalura. Tsakanin ranar da aka ba ka ta komawa asibiti da wadda ke biye akwai wata guda ko biyu, ba wanda ya san halin da kake ciki. Wannan giɓi ne masana suka ce bari a cike shi da waya.

A birnin Toronto na ƙasar Kanada aka yi wani abu na hankali kafin a soma. Aka tambayi masu ciwon da masu yi musu magani ko me suke gani, aka buga sakamakon a 2010. Mutum 94 suka amsa tambayoyi a takarda, aka kuma zauna da masu ciwo 20 da ma'aikata 16 aka ji ta bakinsu. Dukansu suka ce suna so, amma kowa da abin da ke damunsa. Aka ce mai raunin ido da wanda yatsunsa ba su da ƙarfi za su sha wuya da waya. Ma'aikata suka ce aiki zai yi musu yawa, kuma wa zai ɗauki alhaki in saƙo ya zo ba a gani ba har mutum ya mutu? Daga wannan aiki aka fito da wani tsari mai suna Medly, inda mai ciwo ke auna nauyinsa da bugun jininsa kowace safiya, waya ta aika, in da abin tsoro a sanar da shi, a sanar da asibiti.

Kada ku ɗauka ko'ina aka gwada aka ci nasara. A Amurka, a 2010 ɗin nan, aka ba da sakamakon gwajin da aka yi da mutum 1,653. An ce wa rabinsu su riƙa buga waya kullum suna amsa tambayoyin wata na'ura. Ba a ga wani bambanci ba, ko wajen mutuwa ko wajen komawa gadon asibiti. Da aka duba, ashe kamar mutum 1 cikin 7 bai taɓa bugawa ba ko sau ɗaya, zuwa ƙarshen wata shida kuwa kusan rabi sun yi sanyi. A Jamus kuma, a 2018, aka ba da sakamakon wani da mutum 1,571. A nan an ajiye likitoci da nas-nas dare da rana suna duba abin da ke shigowa, suna kira, suna gyara magani nan take. Cikin waɗanda aka kula da su haka, kamar 8 cikin 100 suka rasu a shekara, sauran kuwa kamar 11. Ku lura da wannan da kyau. Waya ɗaya ce, amma a wuri guda ba mai ci gaba da bugawa, a ɗaya wurin kuwa akwai mutum zaune yana jira, yana da ikon yin wani abu.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na ƙasar Uganda. Wajen 2020, Cibiyar Zuciya ta Uganda da ke Kampala ta ɗauki tsarin nan na Kanada ta mayar da shi daidai da talaka. Ba a bukatar babbar waya ko intanet. Mutum ya danna lamba kamar yadda kuke duba sauran kuɗin kira, tambayoyi su fito, ko ƙafa ta kumbura, ko ana haki, ya amsa i ko a'a. In amsar ta nuna hatsari, saƙo ya tafi wa nas, ita kuma ta kira shi.

To, mu dawo gida. Tun 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, ta riga ta shiga cinikin auduga da na hatsi da na tumatir. Manomi ba ya ɗaura kaya zuwa kasuwar Funtuwa ko Dandume sai ya buga ya ji farashi. Ba sai mun jira an kawo mana na'ura daga waje ba, gama abu uku ne ginshiƙin wannan aiki: mai ciwo ya lura da jikinsa, ya faɗi gaskiya, a kuma sami mai amsawa. Sai dai kowane ɓangare yana da magana, kuma ya kamata ku ji ta duka.

Mai ciwo zai ce wannan ai sauƙi ne. Kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ba kaɗan ba ne, balle Shika ko Katsina ko Kano, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mai rakiya. Da damina hanya ta lalace, ga aikin gona ya taso. Ga shi kuma an sha shekaru ana tsoron waɗansu hanyoyi da dare. Ban da wannan, hankalin mutum ya kan kwanta in ya san akwai wanda ya san sunansa, ya san maganinsa. Amma zai ƙara da cewa ba ya iya karatun boko, wayar ba caji sai an kai shago, wani lokaci sai an hau tudu kafin a sami sabis. Mutanen yankin nan ba su manta da 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya wata da watanni a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Saboda haka duk shirin da za a yi, a bar wata hanya ta biyu, ko da yaro ne mai babur da zai kai takarda ɗakin shan magani.

Maganar mata kuwa ta fi wuya, kuma su ne ciwon ya fi yi wa kwanton ɓauna. Mai jego tana cikin ɗaki kwana arba'in, wayar tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona ko kasuwa. Wata kuma tana jin kunyar ta faɗi halin jikinta a gaban suruka ko abokiyar zama. Maigida, da kai muke. In an ce matarka tana da wannan ciwo, ka bar mata waya a gida, ko ka tsaida lokaci da safe ka buga ka miƙa mata, ka ba ta wuri. Kada ka amsa a madadinta. Ma'aikaci yana so ya ji muryarta ne, gama in ba ta iya gama magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ya riga ya gane abin da kai ba za ka iya gaya masa ba.

Ma'aikacin lafiya shi ma yana da tasa, kuma ba rowa ba ce. A ƙauye sau da yawa shi kaɗai ne, ga masu awon ciki, ga rigakafin yara, ga masu zazzaɓi sun yi layi. In ya ba mutum hamsin lambarsa, wa zai hana a tashe shi ƙarfe biyun dare a kan ciwon haƙori? Waɗansu filashin kawai za su yi, shi ya kira da kuɗinsa. Sa'an nan ta waya ba ya iya sa abin sauraro a ƙirji, ba ya iya danna ƙafa, ba ya iya auna jini. Yana tsoron ya ba da shawara a kan abin da bai gani ba. Yana kuma tsoron mutum ya ce tun da muna waya ba sai na zo ba. Amma abin da ya fi ba shi wahala, jama'a, shi ne kalmar nan tamu ta "da sauƙi". Bahaushe ko yana kan gargara aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Ladabi ne mai kyau a gaisuwa, ba mu ce a bari ba. Amma in an gama gaisuwa aka zo tambayar magani, a ajiye ta gefe. A ce jiya da matashi biyu na kwana, yau a zaune na kwana. A ce da ina zuwa masallaci ba tsayawa, yanzu sai na huta sau biyu. Wannan shi ne abin da ma'aikaci zai yi aiki da shi.

A ganinmu duka biyu suna da gaskiya, kuma mafita ita ce a yi sharaɗi tun ranar farko. Ranar da aka sallame ka daga asibiti, ko ranar da ka zo ɗakin shan magani, ka tambaya wace lamba za ka kira, wace rana, ƙarfe nawa. In an ba ka, ka kiyaye amana, ka kira a lokacin da aka ce, ka sa kuɗin kiranka. In wani a gida yana da babbar waya, saƙon murya ya fi, gama ba ya bukatar rubutu, ma'aikaci kuma ya saurara sa'ad da ya sami sarari. Ana iya ɗaukar hoton ƙafar, da hoton kwalin magani, don kada a yi ta gardamar fari ne ko ja. Masu kula da asibitoci kuma, da a ce za a ajiye waya guda ta ofis, a riƙa karɓa-karɓa, a rubuta kowane kira a littafi, da nauyin bai faɗa kan mutum ɗaya ba.

Ga abin da za ka riƙa lura da shi kowace safiya. In akwai sikeli, ka hau bayan ka yi fitsari, kafin karin kumallo, da kaya iri ɗaya, kuma sikeli ɗaya kullum, gama sikeli biyu ba su cika yin daidai ba. Wanda ke kusa da ɗakin shan magani ya roƙi a bar shi ya riƙa hawa na awon ciki. Ɗan makaranta ya rubuta lambar a littafi tare da kwanan wata. In babu sikeli, ba a rasa dabara ba. Ka danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, ka ƙirga biyar, ka ɗaga. In rami ya zauna, akwai ruwa, sai ka lura har ina ya kai, idon sawu ne, ko ƙwauri, ko ya wuce gwiwa. Ka ɗauki zare ka kewaye ƙafar wuri ɗaya kullum, ka ƙulla alama. Takalmin da ya matse, da zoben da ya ƙi fita, da zanen da ya daina kai wa inda ya saba, duk shaida ne. Ka lura da fitsari ko ya ragu, da tari in ka kwanta. Sa'an nan ka ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ka faɗa tun saura na mako guda, gama ƙarewar magani tana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane gado.

Akwai ƙwayar da ke sa fitsari, wadda ake kira furosemide ko Lasix. Mutane suna sonta don suna ganin aikinta da ido, kumburi ya saɓe. Kada ka ƙara ta ko ka rage da kanka sai in likita ya riga ya koya maka yadda za ka yi, gama in ta yi yawa ta kan busar da jiki, ta sa jiri, ta taɓa ƙoda, musamman da bazara ko in ana gudawa. Sauran ƙwayoyin da ba ka ganin aikinsu su ne ke ƙarfafa zuciya da tsawaita kwana, kada ka bar su don ka ji daɗi. Mai niyyar azumi ya yi shawara da likita tun watan Sha'aban. Kuma ku yi hankali da maganin ciwon jiki da ake saya a kemis ko a tire bayan an taso daga gona, irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗin nan da ake ƙullawa a leda. Suna riƙe gishiri da ruwa, suna iya rushe aikin wata guda cikin 'yan kwanaki. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma a lissafa har da ɗunkulen miya da kanwa da na yaji. Uwargida ta ɗebi miyar mai ciwo kafin ta sa wa sauran. Macen da ta taɓa yin wannan ciwo a jego kuma, kada ta sake ɗaukar ciki sai an duba zuciyarta da na'urar hoto, ita da maigida su je tare a yi musu bayanin tazarar haihuwa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi duka. Akwai lokacin da waya ba ta da amfani sai don kiran mota. In mutum yana haki yana zaune ba ya yin kome, ko ya kasa haɗa magana, ko yana tari da kumfa, wani lokaci da ja-ja a ciki, ko ƙirji ya riƙe shi da zafi, ko ya suma, ko hankalinsa ya rikice, ko wani sashe na jikinsa ya mutu, kada a tsaya jiran amsar saƙo, kada a ce sai gari ya waye in akwai halin tafiya. A zaunar da shi, kada a kwantar da shi, a jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A ɗauki katinsa da magungunansa da littafin awonsa, a nufi babban asibiti mafi kusa, a buga wa ma'aikacin a hanya don ya san ana tafe. Lambar mai mota ko mai babur a ajiye ta cikin waya tun yau, kusa da ta malamin asibiti.

Wanda bai gane wani abu cikin wannan magana ba, ya riƙe takardar nan ya nuna wa malamin ɗakin shan magani na garinsu, ya karanta masa, su tsaida ranar kira tare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan awon hawan jini ga masu ciki.